Ko Ka San Abin da Baƙar Singiletin 'Yan Ƙwallo Ke Gaya wa Koci?

A gidajen kallon ƙwallo na Yelwa da Wara da Shanga, da zarar an busa tashi, wani ɗan wasa ya tuɓe riga zai yi musaya da abokin karawarsa, sai ka ji ɗaki ya ɗauki surutu: me ya haɗa namiji da rigar mama? Baƙar singiletin nan da ta tsaya iya ƙirji ba ta da wani aiki illa riƙe 'yar jakar da aka ɗinka a bayanta, daidai tsakanin allunan kafaɗa. Cikin jakar akwai wata na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, nauyinta bai kai giram 100 ba. Ita ke ƙirga takun ɗan wasa tun daga busa ta farko, ta san inda ya tsaya, inda ya ruga, inda ya ja birki, da lokacin da ƙafafunsa suka fara nauyi. Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya kuwa, babu wanda ta fallasa sirrin aikinsa kamar ɗan wasan tsakiya.

Aikinta na farko saurare ne. Can sama, nisan kilomita wajen 20,200 daga doron ƙasa, taurarin ɗan'adam na GPS kimanin 30 suna shawagi, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a kwana guda. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin, suka harba tauraro na farko a 1978, kuma sai a watan Mayun 2000 gwamnatinsu ta daina dagula saƙon da farar hula ke kamawa. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar abu biyu ba dare ba rana: ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Saƙon yana saukowa da gudun haske, kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya. Na'urar da ke bayan ɗan wasa sai ta duba lokacin da saƙo ya baro da lokacin da ya iso, ta fitar da nisan da ke tsakaninta da tauraron. Da taurari uku take lissafa wurin da take, na huɗu kuma shi ke gyara mata agogonta, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan zai iya jefa ɗan wasan mita 300 daga inda yake, wato kusan tsawon filin ƙwallo uku.

Wayar da ke aljihunka ma wannan lissafin take yi, sai dai yawanci sau ɗaya cikin sakan. Ta 'yan ƙwallo tana yi sau 10 ko fiye, don ɗan tsakiya ba ya tafiya a miƙe: ya yi taku uku gaba, ya juya, ya ja da baya, ya karkata hagu. Na'urar da ta yi jinkiri za ta ja layi miƙaƙƙe ne, ta cinye rabin wahalarsa. An kuma zaɓi tsakanin kafaɗu saboda nan ne ya fi kallon sama, nan ne kuma ƙwallo da gwiwar hannu ba su cika kaiwa ba.

Akwai wani ƙaramin ma'auni a cikinta mai jin girgiza, ɗan'uwan wanda ke juya hoton wayarka idan ka kwantar da ita. Wannan yana ji sau 100 ko fiye cikin sakan. Shi ke gane tsalle da karo da tsayawar farat ɗaya, har yakan nuna cewa mutum ya fara jingina nauyinsa a ƙafa guda tun bai buɗe baki ya ce yana jin ciwo ba. Wasu kan haɗa da maɗaurin ƙirji mai ƙirga bugun zuciya. Duk wannan yana zuwa kwamfutar da ke gefen fili nan take. Kamfanoni biyu suka yi fice wajen ƙera ta: Catapult na birnin Melbourne a Ostireliya, wanda aka kafa a 2006, da STATSports na Arewacin Ireland. Da fari a atisaye kaɗai ake sa ta, sai a 2015 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta yarda a shiga da ita wasa.

To me ta gano? A manyan gasannin Turai, ɗan tsakiya yakan ci kilomita 11 zuwa 13 cikin minti 90, ya fi kowa, masu tsaron tsakiyar baya kuwa su ne a ƙasa idan aka cire gola. Wanda ya buga wasanni 38 na Firimiya yana cin kilomita 11 a kowanne, ya yi kilomita 418 ke nan, daidai da ya bi tsawon tafkin Kainji daga madatsar ruwa zuwa kusa da Yelwa har sau uku. Marcelo Brozović na Kuroshiya ya haura kilomita 16 a wasansu da Japan a kofin duniya na 2022, da ƙarin lokaci a ciki. Amma a duk wannan zirga-zirgar, jimillar lokacin da ƙwallo ke ƙafar ɗan wasa ba ta cika kai minti 3 ba. Sauran minti 87 duk aikin da mai kallon talabijin ba ya gani ne, saboda kyamara ƙwallo take bi.

Idan aka rarraba gudun sai a ga wani abin. Masu nazari da yawa suna ɗaukar abin da ya wuce kilomita 19.8 a awa a matsayin gudu mai ƙarfi, abin da ya wuce 25.2 kuma tsere. A nan 'yan gefe ke shan gaba, su ne masu zura dogon gudu a bakin layi. Na tsakiya rabonsa sassarfa ce da ba ta yankewa, da tashi da tsayawa babu iyaka, kuma birkin nan shi ke cin tsoka fiye da yadda ake zato. Sannan su kansu 'yan tsakiyar taswirarsu ba ɗaya ba ce. Wanda mu a nan muke kira lamba 4, mai zama gaban 'yan baya (Turawa da yawa 6 suke ce masa), sawunsa yana taruwa ne a wani ɗan yanki, yana kaiwa da komowa dama da hagu. Lamba 8 sawunsa dogo ne, daga wannan da'irar gola zuwa waccan. Lamba 10 takunsa gajeru ne masu kaifi, a 'yan ramukan da ke tsakanin layin abokan karawa. Aiki uku ne daban, jiki uku suke nema, mu kuma mun tattara su a suna ɗaya.

Shi ya sa tambayar wane gurbi ya fi dacewa da ɗan tsakiya ba ta amsuwa sai an ambaci sunan mutum da na abokin aikinsa. Dubi John Mikel Obi, haifaffen Jos. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holand a 2005, shi ne mai raba ƙwallo a tawagar Samson Siasia, ya zo na biyu bayan Lionel Messi a jerin gwanayen gasar. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Sani Kaita, ɗan Kano, yana nan kusa da shi yana ɗauke masa ɗawainiyar ƙwace ƙwallo. Da ya je Chelsea a 2006, José Mourinho ya mai da shi gaban 'yan baya. Ya buga musu wasa 372, ya ci ƙwallo 6 kacal, har gobe ana cewa an kashe masa baiwa. Ni ban ga kisa ba. Na ga mutum mai ƙarfin kare ƙwallo da jiki, mai sanyin kai, wanda ba tsere ne makaminsa ba, aka ajiye shi inda ya shekara goma, ya buga dukkan minti 120 na wasan ƙarshe na zakarun Turai a Munich a 2012. Da Stephen Keshi ya so ya ga tsohon Mikel a kofin Afirka na 2013, ai sai da ya ɗora masa Ogenyi Onazi ya yi masa gudun, sannan ya samu damar ɗaga kai.

Wilfred Ndidi hanyarsa ta bi ta wani gefen. Mai tsaron baya ne a Nath Boys ta Legas, a Genk ta Beljiyam aka matsar da shi tsakiya, ya zo Leicester a Janairun 2017, ya yi kaka biyu a jere babu wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a Firimiya. A kakar 2023/24 kocin Leicester Enzo Maresca ya ba Harry Winks kujerar lamba 4, ya tura Ndidi gaba a matsayin 8, ƙungiyar kuma ta lashe gasar rukuni na biyu ta dawo Firimiya. N'Golo Kanté ma haka: ya fi kowa tare ƙwallo da katse ta a kakar da Leicester ta ɗauki kofi a 2016, amma bai taɓa zama mai zama wuri ɗaya ba, mafarauci ne. Da koci Maurizio Sarri ya ajiye Jorginho a gaban 'yan baya a Chelsea a 2018 ya saki Kanté ya hau, an yi ta ƙorafi, alhali duk mai duba taswirar sawun Kanté ya san ɗaure shi a gaban 'yan baya asarar huhu ce.

Sai dai kada lambobi su ruɗe mu. Yaron da bai iya tsayuwa ba, wanda kullum ƙwallo ke wuce shi yana binta a baya, shi ma na'ura za ta rubuta masa kilomita masu yawa. Ba ta san gudun hikima da gudun gyaran kuskure ba. Ba ta kuma ganin ido. Wani masani ɗan Norway, Geir Jordet, ya shekara da shekaru yana ƙirga yadda 'yan wasa ke waiwaye kafin ƙwallo ta iso musu, ya tarar masu yawan waige sun fi kai ƙwallo inda suka nufa. Xavi, lokacin da yake wasa a Barcelona, yakan ɗaga kai ya duba kusan sau 8 cikin sakan 10 na ƙarshe kafin ya karɓa. Andrea Pirlo ma ba kwamfuta ce ta gano gurbinsa ba: koci Carlo Mazzone ne ya kalle shi a Brescia a 2001, ya ga Roberto Baggio ya riga ya cika gurbin 10, ya ja yaron baya inda zai ga fili gaba ɗaya.

A nan ne nake da magana da masu horar da yaranmu na bakin ruwa, daga Zamare zuwa Birnin Yauri har Dugu. Al'adarmu ita ce duk yaron da ya fi iya taɓa ƙwallo a ba shi 10, ƙaton da ya fi sara kuma a ba shi 4. Ina ganin mun juya abin. A filin da rairayi ya cinye rabi, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama, lamba 10 yana karɓarta ne ya ba raga baya, da mutum biyu a duga-dugansa, in ma ta iso shi ke nan. Lamba 4 shi ke karɓa yana fuskantar fili, shi ya fi kowa taɓa ta, daga ƙafarsa kowane hari ke tashi. In wanda ke nan bai iya komai ba sai dokawa sama, gwanin da ke gaba zai wuni yana kallon ƙwallo tana wuce kansa. Ga kuma zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana kan kai digiri 40 a ƙasar Yauri: ƙungiyar da ta riƙe ƙwallo ita ke adana ƙafafunta zuwa minti 70. Don haka yaro mai ido da sanyin kai, a ajiye shi a 4. Mai huhu da zafin nama, wanda ba ya jin gajiya, a ba shi 8 ya yi farauta a gefensa. Duniya ma ta fara gane darajar wannan kujera, tunda Rodri na Manchester City, wanda nan yake zama, shi aka ba kyautar Ballon d'Or ta 2024.

Za a ce ina ƙungiyar unguwa za ta samu kuɗin wannan na'ura. Gaskiya ne, amma binciken da ya fara tabbatar da cewa 'yan tsakiya sun fi kowa cin ƙasa ba da tauraro aka yi shi ba. Tom Reilly da Vaughan Thomas suka wallafa shi a 1976, bayan sun zauna a gefen fili suna bin 'yan wasan Everton ɗaya bayan ɗaya da ido, suna naɗar bayani a rikoda, suna auna tsawon takun kowa. Abin da suka yi bai fi ƙarfin kocin da ke da almajiri ɗaya mai natsuwa ba. A zana fili a takarda, a raba shi gida goma sha biyu. A ɗauki yaro guda a wasa guda: duk inda ya karɓi ƙwallo a ɗiga ɗigo, inda ya ƙwace ta a ja gicciye, inda ya zubar da ita a yi da'ira, in kuma ya waiga kafin ta iso a ja layi ƙarƙashin ɗigon. A canja alƙalami bayan hutun rabin lokaci, shuɗi da ja, don a ga ko sawunsa yana tsukewa idan gajiya ta zo. Bayan wasa uku ko huɗu a jera takardun. Yaron da ɗigoginsa suka taru a gaban 'yan baya, mafi yawansu da layi a ƙarƙashi, da'irarsa kuma kaɗan, shi ne lamba 4 ɗinka, ko da shi da mahaifinsa sun fi son 10. Wanda gicciyensa ya watsu ko'ina, kuma jan alƙalami bai gaza shuɗin ba, a sake shi a 8.