Raddi Ga Masu Cewa Haƙorin Ƙarfe Ba Ya Lalacewa

A majalisun Batsari da Safana ana yawan cewa wanda ya sa haƙorin Makka, ko aka dasa masa haƙori a asibiti, ya yi sallama da ciwon wannan haƙori har abada, tunda ƙarfe ba ya ruɓewa. Dattawa da alhazai masu daraja ne ke faɗin haka, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Ina neman afuwarsu, domin ina ganin rabin gaskiyar suka riƙe.

Rabin da suka riƙe shi ne, zinariya ba ta tsatsa, kuma dashen haƙori aiki ne mai ƙarko. Tun 1965 Farfesa Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya fara kafa wa mutum turken ƙarfen titaniyom a ƙashin muƙamuƙi, bayan ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan turaka suna kai shekara 10 a baki.

Amma duk manomi ya san fartanya ba daga ruwanta take fara lalacewa ba, daga inda ruwa ya haɗu da ƙota take soma girgiɗi. Haka abin yake a baki. Haƙorin Makka hula ce da aka kifa wa haƙori mai rai, wani lokaci ma sai an kankare lafiyayyen haƙorin kafin ta zauna. Idan bakin hular bai kama daidai ba, ko abin da aka liƙa ta da shi ya zaizaye, ɓurɓushin tuwo da zaƙin shayi su riƙa shiga ta ƙasa. Waje yana ƙyalli, ciki yana ruɓewa. Sai dasashi ya yi ja, yana jini in an taɓa shi da asuwaki, baki ya fara wari, mai shi bai ankara ba har zogi ya hana shi barci.

Dasasshen haƙori kuwa yawanci kashi uku ne: turke a cikin ƙashi, mahaɗi mai ɗan ƙaramin noti, da hular tangaran a sama. Haƙorin da Allah Ya halitta yana da zaruruwa masu laushi tsakanin saiwarsa da ƙashi, su ke rage ƙarfin cizo, su kuma sanar da mutum ya sassauta. Dasasshe ba shi da su. Shi ya sa tauna ƙashi, fasa busasshiyar aya, ɓare rake, buɗe kwalba da haƙori, ko cizon haƙora cikin barci ke sa noti ya kwance, tangaran ya ɓantare, wani lokaci turken kansa ya tsage. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna ƙara haɗarin kumburin dasashi, wanda ke cinye ƙashin da ke riƙe da turken.

Abin da ya fi damuna shi ne nisanmu da masu gyara. Wanda aka yi wa dashe a Kano, ko Alƙahira, ko Indiya, ya karɓo takardar da ke nuna kamfani da girman turkensa, domin notin wani kamfani sau da yawa ba ya shiga na wani. Wanda ya ji haƙorinsa yana motsi ya daina tauna da shi, kada ya liƙe shi da gam na kasuwa, ya nufi likitan haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina tun gyaran yana ɗaure noti kawai.

Ban ce a ƙi ado ko dashe ba, ya ku iyayena. Cewa na yi a wanke shi safe da dare, a kai shi likita ya duba ko sau ɗaya a shekara, kuma a yi tunani sosai kafin a kankare lafiyayyen haƙori don tsarabar aikin hajji, domin abin da aka kankare ba ya sake tsirowa. Allah Ya ƙara mana lafiya.