Mai Gadin Zaure a Intanet

Kowane shafi da muke buɗewa a intanet, na jarida ne ko na makaranta ko na ciniki, akwai wata kwamfuta a wani gari wadda ke ɗauke da shi dare da rana. A da, duk baƙon da ya zo, wurinta yake zuwa kai tsaye. Yanzu kuwa masu shafuka da yawa sun ɗauki mai gadi sun zaunar a zaure, watau wani kamfani wanda yake tsayawa tsakanin shafin da jama'a. Cikin irin waɗannan akwai Akamai, wanda wani malamin lissafi da ɗalibinsa suka kafa a Amurka cikin 1998, da Cloudflare, wanda ya soma aiki cikin 2010, da kuma Fastly.

Ɗaukar mai gadin ba shi da wuya. Akwai wani tsari da ake kira DNS, shi ne littafin adireshi na intanet, inda ake duba sunan shafi a sami lambar kwamfutar da ke ɗauke da shi. Sai mai shafi ya sa a rubuta lambar kamfanin a madadin tasa. Daga ran nan, duk mai sallama a zaure zai tsaya.

Amfanin farko shi ne sauri. Mu ce kwamfutar tana Frankfurt ta ƙasar Jamus, mai karatu kuwa yana Accra. Tsakaninsu wajen kilomita 5,000 ne, saƙo kuma cikin wayar gilashi ba ya wuce gudun kilomita 200,000 a daƙiƙa. Zuwa da dawowa ke nan sai ya ci kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, in ma hanyar a miƙe take, alhali wayoyin ƙarƙashin teku kewaye suke yi. Wani zai ce wannan ai ƙiftawa da bisimilla ne. Haka ne, amma kafin shafi guda ya buɗe sarai sai an yi wannan kai da kawo sau da yawa. Kamfanonin nan suna da rumbuna a ɗaruruwan birane, inda sukan ajiye kwafen hotuna da rubuce-rubucen shafin, don a ba kowa daga rumbun da ya fi kusa da shi.

Amfani na biyu shi ne tsaro, a nan kuwa labarin Brian Krebs ya isa misali. Ɗan jarida ne Ba'amurke mai tona asirin ɓarayin intanet. Cikin watan Satumba na 1916 ba wanda ya san irin wannan yaƙi, amma shekaru ɗari daidai bayan nan, cikin Satumba na 2016, aka yi wa shafinsa taron dangi: dubban kyamarorin tsaro da ƙananan na'urorin gidaje, waɗanda masu su ba su taɓa sauya kalmar sirrinsu ba, aka mallake su aka sa suna ta buga masa ƙofa lokaci guda, har ambaliyar ta kai gigabit 620 a daƙiƙa. Kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗaukar ko kaɗan daga wannan. Akamai ya tare ambaliyar, amma da yake kyauta yake yi masa gadin, ɗawainiyar kuwa ta yi yawa, sai ya janye hannunsa. Shafin ya rufe, sai da Google ya karɓe shi cikin shirinsa na kare 'yan jarida.

To, amma wanda ya ba mai gadi mabuɗi, ya ba shi amana. Domin ya iya rarrabe baƙon kirki da ɓarawo, tilas mai gadin ya buɗe saƙon da aka kulle ya duba, sa'an nan ya sake kullewa ya miƙa cikin gida. Kalmar sirri da lambar katin banki duk ta hannunsa suke bi. Cikin 2017 aka gano wani kuskure a na'urorin Cloudflare wanda ya sa guntayen bayanan masu ziyarar wani shafi suna ɓullowa a wani shafin dabam.

Har ila yau, idan gidaje dubu suka haɗu kan mai gadi ɗaya, ran da ya yi tuntuɓe dukansu ne za su rufe. Ranar 8 ga Yuni, 1921 ba a san Fastly ba. Ranar 8 ga Yuni, 2021 kuwa, wani abokin cinikinsa ya yi ɗan gyara a tsarinsa, gyaran ya tada wani ɓoyayyen kuskure, sai ga shafin gwamnatin Birtaniya da na manyan jaridun Ingila da Amurka sun ɗauke kusan awa guda.

A ganina, ga ƙaramin shafi ribar ta fi hasarar, muddin mai shi bai manta ƙofar baya ba. Lambar kwamfutarsa ta asali tana nan, sau da yawa kuwa takan fito a tsofaffin rajistocin DNS ko a jikin wasiƙun da shafin yake aikawa. Wanda ya same ta sai ya kewaye zauren. Maganin shi ne a nemi sabuwar lamba bayan an ɗauki mai gadi, a kuma umurci kwamfutar kada ta amsa sallamar kowa sai wadda ta fito daga na'urorin kamfanin.