Bindigar Roba a Ƙurar Gombe: Wane Mai Ya Dace da Ita?

Wata safiya cikin hunturun bara, ina jiran a gyara mini babur a wani garejin bakanikai da ke kusa da Tashan Dukku, sai ga wani jami'in tsaro ya tsaya. Ya roƙi tsumma, ya tsoma shi cikin gwangwanin baƙin man da aka juye daga inji, ya hau goge ƙaramar bindigarsa tun daga baki har mariƙi, sai da ta yi sheƙi. Ya mayar da ita ƙugu yana jin ya kyauta mata. Raina ya ɓaci, domin bawan Allahn nan cutar makamin da zai kare ransa ya yi, bai kuma sani ba.

Bindigar tasa irin ta zamani ce, mai gangar jiki ta roba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1970, amma wanda ya sa duniya ta karɓe ta shi ne Gaston Glock, mutumin Ostiriya da ya saba ƙera sandunan labule da wuƙaƙe. A farkon shekarun 1980 sojojin ƙasarsa suka zaɓi Glock 17 tasa, daga nan ta bazu cikin rundunonin 'yan sanda na ƙasashe da dama. Robar ba irin ta bokiti ba ce, wani nau'in nailan ne mai jure zafi da bugu. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa, saboda haka wannan magana ta jami'ai ce da masu kula da ma'ajiyar makamai.

Abin da da yawa ba su gane ba shi ne, robar ba ta neman mai ko kaɗan. Ba ta tsatsa. Man da aka shafa a mariƙi sai dai ya sa hannu santsi a lokacin da ake son riƙo ya yi ƙarfi. Inda ake bukatar mai shi ne inda ƙarfe ke goga ƙarfe: 'yan ƙananan ƙarafan da aka dasa cikin robar, waɗanda murfin sama ke zamewa a kansu, da bayan bututun, da mahaɗar da ke cikin kayan kunama. Ɗigo biyar ko shida sun isa bindigar gaba ɗaya. Akwai kuma wurin da masu ƙera ta suka hana a sa wa mai sam: ramin da allurar da ke dukan gindin harsashi take kai da komowa. Idan mai ya shiga can ya haɗu da datti, allurar ta yi nauyi, sai a ja kunama a ji shiru. Gidan harsasai ma a bushe ake barinsa.

To, a nan ne Gombe ta sha bamban da ƙasar da aka ƙera bindigar. Garin nan a kan yashi yake zaune, kowa ya ga yadda ruwa ke yanka kwazazzabai a unguwanni ya san haka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kawo ƙura mai laushi kamar garin alkama, wadda ko akwati aka rufe sai ta sami hanya. Jami'in da ya yini a shingen hanyar Bauchi ko ta Biu, duk motar da ta wuce sai ta watsa masa nata rabon. Ƙurar nan in ta sami mai mai yawa sai ta dame ta zama kamar ƙullu, kuma ƙullun yana cin ƙarfe a hankali kamar sanfefa. Idan Maris da Afrilu suka zo da zafin da kan kai digiri 40, mai marar kauri sai ya tsiyaye ya bar ƙarfen a bushe. Damina kuma ta kawo danshi da gumi, masu jawo tsatsa.

Cikin man da ake shafa wa bindiga, baƙin man inji shi ne mafi muni, cike yake da toka da ɓurɓushin ƙarfen inji. Man gyaɗa da manja, da wasu suka gada daga masu bindigar toka, suna daskarewa su yi danƙo idan suka kwana biyu. Man keken ɗinki yana da tsabta, a matse za a iya lallaɓawa da shi, sai dai ba ya daɗewa. WD-40 an yi shi ne don korar danshi, ba don ya zauna tsakanin ƙarfe biyu masu gugar juna ba. Fetur da man birki da magungunan wanke kafireto kuwa, a nisanta su da bindigar. Wasunsu na kashe launin roba su ɓata fenti, fetur kuma ga haɗarin wuta.

Abin da ya dace shi ne man da aka haɗa musamman don bindiga, irin wanda sojoji ke kira CLP, mai wankewa, ya sa santsi, ya kuma hana tsatsa. A fara cire gidan harsasai, a leƙa a tabbatar babu harsashi ko ɗaya a cikin bindigar, sannan a kwance ta. A goge tsohon mai da busasshen ƙyalle, a ɗiga sabo, a share rarar. Lokacin hunturu, yawan gogewa ya fi yawan shafawa amfani.

Ba na ganin laifin ƙaramin jami'in da ya je gareji. Wanda ba a ba shi mai ba, abin da ya samu da shi zai yi. Ina kira ga shugabannin rundunonin tsaro da ke jihar Gombe da su sa man bindiga da buroshi da ƙyalle cikin kayan da ake raba wa kowane ofishi, su kuma sa masu kula da makamai su nuna wa jami'ai wuraren ɗiga shi kafin hunturu mai zuwa ya kama.