Karatu da koyon sana'a a gidan yari: me suke rage wa fursuna?

Fasto ko mai bishara da ke hidima a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ko ba daɗe ko ba jima, wata uwa za ta tare shi bayan sujada ta ce an ɗaure ɗanta, ta kuma ji cewa idan ya koyi ɗinki a ciki za a sake shi da wuri. Amsar da zai ba ta tana da nauyi. In ya ce haka ne, ya sa mata begen da doka ba ta yi alkawarinsa ba. In ya ce ba haka ba ne, ya rufe ƙofar da take a buɗe. Saboda haka ya kamata mu rarrabe hanyoyin da fursuna ke fita kafin cikar wa'adinsa, domin jama'a sukan haɗa su duka su kira su afuwa.

Hanya ta farko tsohuwa ce, ita ce ragin wa'adi. Ƙa'idojin gidan yari sun ba wanda aka yanke wa fiye da wata ɗaya damar samun ragin kashi ɗaya bisa uku saboda kyawun hali da ƙwazon aiki. Daga nan ne aka samo maganar nan cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Mai shekara 3 zai iya fita bayan shekara 2. Amma ragin ba gado ba ne, faɗa ko yunƙurin gudu na iya cinye wani sashe nasa.

Sai sakin talala, wanda sabo ne a wurinmu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 468, ta ce idan an yanke wa mutum shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, ya kuma yi aƙalla kashi ɗaya bisa uku na wa'adinsa da hali mai kyau, shugaban hukumar gidajen yari na iya kai rahotonsa kotu. Kotu ta saurari mai gabatar da ƙara da fursunan, sa'an nan ta iya dakatar da sauran ɗaurin, da sharuɗɗa ko babu. Wato mai shekara 15 zai iya shiga layi bayan shekara 5, alhali ragin wa'adi kaɗai sai ya kai shi shekara 10. Jigawa tana da tata dokar irin wannan, kuma ita ce ke aiki a laifuffukan jiha, don haka a nemi lauya ya duba ta kafin a gaya wa iyali kome. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da hukumar gidajen yari Hukumar Gyaran Hali, ta kuma sa sakin talala, aikin al'umma da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta cikin ayyukanta. Afuwar gwamna, wadda sashe na 212 na tsarin mulki ya tanada, da ziyarar da babban alƙalin jiha kan kai don sallamar waɗanda suka daɗe a tsare, waɗannan dabam suke.

To, ina karatu ya shigo? A wasu ƙasashe lissafi ne a fili. A Burazil, dokar 2011 ta ce kowace awa 12 ta karatu tana rage kwana ɗaya. A Amurka, dokar tarayya ta 2018 tana ba wasu fursunoni kwana 10 a kan kowane kwana 30 da suka yi cikin shirin gyaran hali. A Nijeriya ba a ƙirga shi haka. Takardar jarrabawar NECO ko ta gwajin sana'a ba ta cire ko da kwana ɗaya da kanta. Abin da take yi shi ne shaida: ita ce ke cika fayil ɗin da jami'in walwala zai nuna sa'ad da ake tambaya ko mutumin nan ya canza. Dokar 2019 ta kuma tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya fita, har da wanda ya sami horo a ciki, ta hana a nuna masa bambanci saboda ɗaurin da ya sha.

Dama kuwa akwai, ko da yake ba a raba ta daidai ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, tana da cibiyoyi a gidajen yari irin su Kirikiri da Kuje, ta kuma yafe wa fursunoni kuɗin makaranta a zamanin shugabancin Farfesa Abdalla Uba Adamu. Mu a nan abin da ke kusa da mu shi ne gonar hukumar da ke Birnin Kudu, inda fursunoni ke aikin noma. A ganina wannan ya fi dacewa da yaron da zai koma ƙauye a Gwaram fiye da digirin da ba zai sami inda zai kai shi ba. Sai dai a lura: wajen kashi biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Ba su da wa'adi balle a rage musu. Irin waɗannan lauya ko mai tsaya musu beli suke bukata kafin keken ɗinki.

Akwai jarabar da ta shafe mu kai tsaye. Idan fursuna ya gane cewa takarda tana taimako, zai iya zuwa ajin nazarin Littafi Mai Tsarki don takardar kawai, mai hidima kuma ya rubuta wasiƙar yabo a kan mutumin da ya gani sau biyu. Wasiƙar fasto shaida ce, shaidar zur kuwa zunubi ne ko da tausayi ya jawo ta. A rubuta abin da aka gani: tun yaushe yake zuwa, me ya koya, wa zai karɓe shi. Kuma tun da yawancin ɗaurarru a yankinmu Musulmi ne, idan ikilisiya ta kai kayan kafinta ko littattafan yaƙi da jahilci, kada ta sa sharaɗin addini a kansu.

Bulus bai ɓoye bashin da ke kan Onisimus ba sa'ad da ya rubuta wa Filimon, ya ambace shi, ya ɗauki nauyin biyansa, sa'an nan ya roƙa a karɓe shi. A Afisawa 4:28 kuma gyaran ɓarawo bai tsaya ga daina sata ba, ya kai ga aikin hannu har ya sami abin ba mabukaci. Aikin dattawan ikilisiya ke nan tun watanni kafin ranar fita: su ziyarci wanda aka cuta su ji ko sulhu zai yiwu, su sami tela ko mai walda a kasuwa da zai yarda ya ɗauki mutumin, ko su ware masa ɗan fili da iri kafin damina ta faɗi.