Mai Haɗa Akwatin Bas, Kafintan da Ke Auna Iska

A kasuwannin kayan lantarki irin su Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas, sifikar mota ba ta da wuyar samu. Ga Pioneer, ga Kenwood, ga JBL, sabuwa da tokumbo, mai inci 10 da mai inci 12. Sai mutum ya saya ya kai gida ya jona ta tsirara, ya ga tana ta kaɗawa kamar za ta yage, amma babu dirin nan da ake ji a ƙirji. A nan ne ake neman mai haɗa akwati.

Dalilin rashin dirin a fili yake. Idan fuskar sifika ta tura iska gaba, a lokaci guda bayanta yana jan iska. Sautin bas dogo ne, domin na hertz 40 ya haura mita 8, saboda haka iskar gaba takan zagayo ta cike gurbin ta baya, su kashe juna. Akwati ne ke raba su. Kamar fatar ganga ce, in babu icen da aka ɗaura ta a kai, ko an buga ba ta amo.

Mai wannan sana'a rabinsa kafinta ne, rabinsa mai gyaran rediyo. Kafin ya taɓa zarto sai ya binciki sifikar. Yakan sa yatsunsa ya danna fuskarta a hankali, kunnensa a kusa. In ya ji ƙarar gogayya a ciki, kwayil ɗin ya ƙone ko ya goce. Sai ya ɗauko ƙaramin batirin tocila ya taɓa wayoyin biyu, ya ga ko fuskar za ta yunƙuro waje ko ta shige ciki, da haka yake gane wace ce wayar fozitib (+). Daga nan ya ɗora mita. Yawancin sifikun mota ohm 4 ne, na gida kuwa galibi 8, kuma amfilifayar gida da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta zafi take yi har ta ƙone. Shi ya sa in sifiku biyu ne yakan jona su a jere, ɗaya ta miƙa wa ɗaya, su ba da ohm 8. In ya haɗa su kai da kai, sai su faɗo zuwa 2.

Babban abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne sanin cewa mota da ɗaki ba ɗaya ba ne. Cikin mota ƙunci ne da shi, kuma ƙuncin nan da kansa yana ƙara wa bas ƙarfi. Masu ƙera sifikar sun san da haka, don haka suka tsara ta yadda ƙaramin akwati a but zai ishe ta. Falo kuwa ba ya ba da wannan tallafi sosai. Akwatin da ya girgiza mota, in aka shigo da shi gida, sai a ji muryarsa ta sirance. Dole a sake lissafi.

Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko akwati rufaffe ruf, wanda iskar cikinsa ke riƙe sifikar kamar sifirin. Wannan tsari Edgar Villchur ne ya yaɗa shi a Amurka daga 1954. Bas ɗinsa a tsabtace yake, kuma yana yafe ƙaramin kuskuren awo. Ta biyu akwati mai bututu, inda ake huda rami a sa fayif na roba, iskar cikin fayif ɗin ta riƙa kaɗawa tana ƙara diri. Wannan ya fi cika ɗaki, amma ba ya yafiya. Tsawon fayif da faɗinsa da girman akwati su ke yanke sautin da zai ƙarfafa, kuma ƙasa da wannan sauti sifikar ba ta da abin da zai riƙe ta, tana iya yagewa.

Lissafin yana da tushe. Neville Thiele na Ostireliya ya wallafa shi a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma har yau alƙaluman da ke jikin takardar sifika, wato Fs da Qts da Vas, da sunansu ake kiran su. Wanda ya iya karanta su, ya san lita nawa na iska sifikar ke bukata tun bai yanka katako ba. Awon ciki ake yi. Akwati mai santimita 40 da 35 da 25 ya ba da lita 35, sannan a cire gurbin da maganaɗisu da tokarai suka ci.

Sai aikin hannu. Katakon MDF mai kaurin milimita 18 aka fi so saboda nauyinsa da rashin kuwwa, sai dai ruwa na kumbura shi, don haka wanda zai riƙa fita da akwati wurin biki gara ya nemi filawud mai kyau. Ana shafa gam a kowace mahaɗa kafin a ɗaure, a tokare bangon ciki don kada ya yi rawa, a bi kusurwoyi da silikon. Gwajin ƙarshe na rufaffen akwati da tafin hannu ake yin sa: a danna fuskar sifikar a saki. In ta dawo a hankali, akwati ya kamu. In ta yi tsalle nan take, akwai inda iska ke zurarewa. Ƙurar MDF kuma tana illa ga huhu, maigidan kirki ba ya barin yaransa su yanka ba takunkumi.

Abin da ya ƙara wa sana'ar kasuwa a wajenmu shi ne wuta. Amfilifayar mota da volt 12 take aiki, daidai da batirin sola da ke gidaje da yawa yanzu, ko an ɗauke wuta kiɗa bai tsaya ba. Amma mai watt 300 tana jan sama da amfiya 25, dole a sa waya mai kauri da fiyus kusa da batir. Sakaci a nan gobara yake jawowa.

Ina ganin matasan da ke wannan aiki sun cancanci a koya musu lissafin a makarantun koyon sana'a, domin hannu da kunne suna da su tuni. Mai saye kuma, kafin ya yaba kafet da fitilun da aka yi wa akwati ado da su, ya tambayi lita nawa ne cikinsa, kuma don wace sifika aka auna shi. Mai sana'ar gaskiya zai amsa ba tare da inda-inda ba.