Jirgi Ba Ya Jiran Mai Shata

A manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido, waɗanda ke ɗibar fasinja dubbai su yi ta bin gaɓar teku gari-gari, akwai maganar da ake nanata wa kowa kafin ya sauka: ƙarfe kaza za a janye tsani. Jirgi kan iso tasha da sassafe, ya tashi kafin duhu. Tsakanin nan fasinja yana da awa bakwai ko takwas, kuma hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya biya kamfanin jirgin a sa shi cikin bas tare da ɗan jagora, ko ya fita ƙofar tasha ya yi hayar mota ya kama gabansa. Ta farkon ta fi tsada, domin kamfanin yana cire rabonsa kafin kuɗin ya kai hannun masu bas da 'yan jagoran gari. Sai dai tsadar tana tafe da alkawari. Idan bas ɗin kamfani ta makara, jirgi zai jira ta, in kuwa jiran ya gagara, kamfanin ne zai kai mutanen tasha ta gaba da kuɗinsa. Wanda ya ɗauki motar kansa ya makara, sai dai ya tarar da fasfonsa a hannun wakilin jirgi a bakin ruwa, ya nemi kuɗin jirgin sama daga aljihunsa.

Kende, da ke ƙasar Bagudo a Kebbi, ba ta san teku ba, kuma babu mai tsammanin irin wannan jirgi a gulbin da ya ratsa gefenta ya gangara ya faɗa Kwara. Duk da haka lissafin ba baƙo ba ne a ƙasar Bagudo. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin kasuwa ya sauka Lolo, ko ya haura zuwa Malanbil ta Jamhuriyar Benin, ya san mai jirgi yana da lokacin juyawa, kuma ba ya ƙara shi saboda mutum ɗaya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare. Wanda ya yi jinkiri, ko ya kwana inda bai shirya ba, ko ya cusa kansa cikin jirgin ƙarshe, wanda kowa ya san shi ya fi lodi. Abin da lodi ke jawowa kuwa mutanen Kebbi sun gan shi a watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka fita da rai.

Inda muka bambanta da fasinjan manyan jiragen shi ne a wurin motar. Hayar mota irin ta Turai da Amurka, inda za ka miƙa lasisi da katin banki a danƙa maka makulli ka tuƙa da kanka, abu ne da ya tsaya a kan inshora, da adireshin da za a iya bin sawunsa, da kuɗin jingina da kamfani ke riƙewa a katinka har ka dawo. Babu mai mota a Bagudo ko Kaoje da zai ba baƙon da bai san ubansa ba makulli. A nan shata ake ɗauka, shata kuwa da direbanta take zuwa. Saboda haka zaɓin da ke gaban baƙonmu tsakanin mutum biyu ne: direban da ya san hanya, da maigida ko dillalin da ya san mutane. Wani lokaci mutum ɗaya kan haɗa biyun, to wannan an dace. Yawanci ba ya haɗawa, baƙo kuma bai cika gane bambancin ba sai an tsayar da su a shinge na farko bayan iyaka.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga maƙwabta ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Mutum ta yi wa wannan rangwame. Mota tana da nata takardun daban: katin inshora mai ruwan ƙasa wanda ƙasashen suka amince da shi a Kwatano a 1982, da takardar shigar mota ta wucin gadi daga hannun duwan, wato kwastan, da shaidar cewa mai motar ya yarda a fita da ita. Ko a ƙasashen da hayar mota ta kafu, kamfanoni da yawa ba sa barin a ƙetare iyaka da motarsu sai da izini a rubuce, wanda ya saɓa kuwa inshorarsa ta faɗi. Shi ya sa a bakin iyakokinmu direba yakan ajiye fasinja ya miƙa shi ga takwaransa na ƙetare, ko ga ɗan kabu-kabu. Shatar da aka yi cinikinta a matsayin tafiya ɗaya sai ta zama biyu, kuma cinikin na biyu da sefa za a yi shi. A nan ma akwai rami. Mutanen Dandi da Hausawan Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka in mai babur ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Baƙon da ya ji ɗari ya yi murnar araha zai sha gardama a wurin sauka.

Ita kanta hanyar ba ta zama wuri ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Jama'a suka koma kwale-kwale. Taswirar cikin waya tana nuna gada, tana ƙiyasta mintocin da za a yi a kanta. Wace mashaya ce ke aiki a wannan makon, wane jami'i aka sauya, wane kwari ne ruwa ya cinye, wannan a bakin ɗan gari yake. Ga kuma halin Kwara a wannan yanki: takan cika sau biyu, da damina sanadiyyar ruwan da ya sauka a kusa, sannan da sanyin hunturu idan ruwan tsaunukan Gini ya gama ratso fadamun Mali ya iso. Baƙon da ya ga ciyawa ta bushe ya ɗauka fadama ta buɗe wa mota, sai ya tarar da ruwa a watan Janairu.

Tsohon labarin da ya fi dacewa da wannan magana a kan wannan ruwan ya faru. A watan Nuwamban 1805 Mungo Park ya taso daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, cikin jirgin da ya haɗa da hannunsa ya sa masa suna Joliba, da niyyar bin kogin har inda ya ƙare. Yana da bindigogi, yana da 'yan Turawan da suka rage masa, yana kuma da ɗan jagora mai jin harsuna, Amadi Fatuma. Shi ne mai sauka ya sayo abinci, shi ne mai magana da mutanen gaɓa, domin Park ya ɗauki hanyar ƙin tsayawa da ƙin biyan fito, wanda ya matso kusa a harbe shi. Haka suka wuce Tambutu da Gawo, suka bi ta gaban ƙasar Illo da Bagudo. A Yawuri yarjejeniyar Amadi ta ƙare, ya sauka. Daga bakinsa aka samu sauran labarin a 1810: kyautar da Park ya bayar a kai wa sarki ba ta isa ba, wanda aka ba ya danne, ya ce Bature ya wuce bai ba da komai ba. A duwatsun Busa, wurin da tafkin Kainji ya shanye tun 1968, aka tare jirgin a farkon 1806, Park da mutanensa suka mutu a ruwa. Masana tarihi sun daɗe suna tantama a kan wasu sassan bayanin Amadi, don mai ba da labarin yana da buƙatar wanke kansa. Abin da babu gardama a kai shi ne tafiyar fiye da kilomita dubu da ɗan jagora ta yiwu duk da rashin hankalin mai jirgi, ɗan guntun da ke tsakanin Yawuri da Busa kuwa ya gagara.

Fataken Gwanja, waɗanda wasunsu ta wajen Illo da Gaya suke ƙetare Kwara su bi ta Zugu zuwa Salaga neman goro, ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin zaɓi ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, yana da ubandawaki mai tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya. A kowane zango kuma akwai maigida mai saukar baƙi, ya ajiye kayansu, ya nemo mai saye, ya tsaya musu in an yi rikici. Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari ke aiki a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969, Paul Lovejoy kuma ya bi diddigin ayarin goro a nasa na 1980. La'adar da maigida ke karɓa kuɗin lamuni ce. In mai saye ya gudu da bashi, shi za a riƙe. Alkawarin da kamfanin jirgin ruwa ke yi na jiran bas ɗinsa irin wannan lamunin ne, an dai buga shi a bayan tikiti.

Ba wai ina wanke 'yan jagora ba ne. Dillalin da ke cin la'ada a hannun baƙo yana kuma ci a hannun mai shago, ba zai kai ka inda kaya suka fi araha ba, inda rabonsa ya fi tsoka zai kai ka. Bas ɗin kamfanin jirgi ma ba ta rasa tsayawa a shagon tsaraba, a ɓata lokacin da ya isa a ga wani wuri. Alhazanmu sun san wannan a ziyarar Madina: a sauke ku Ƙuba, kafin ka idar da raka'a biyu cikin natsuwa ana ta danna ham, a Uhudu ma haka, amma a wurin masu dabino babu mai gaggawa. Wanda ya haɗa kuɗi da abokansa suka ɗauki tasi ya fi samun ziyarar da ransa ke so, kuma bai yi asarar komai ba, don masaukinsa ba tashi zai yi ya bar shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi la'ada nauyi. Arewacin Benin ba shi ne na shekarun baya ba. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gandun dajin Panjari, aka kashe ɗan jagoransu Fiacre Gbédji. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka kashe mutum tara a gandun W, wanda ke yamma da Malanbil, tun daga nan kuwa sojojin Benin ke ta rasa mutane a yankin. Ɗan jagora ba sulke ba ne, sau da yawa ma shi ake fara taɓawa. Amfaninsa a irin wannan hali shi ne ya ce maka yau ba a bin hanyar nan. To amma wanda ba za a biya shi ba sai an yi tafiyar, da wuya bakinsa ya iya faɗin haka. Nan ne tsohon tsarin maigida ya fi ɗan jagoran yini ɗaya: maigida yana sa ran dawowarka baɗi da ta 'ya'yanka, ɗan jagoran da ka tsinta a bakin mashaya ba zai sake ganinka ba.

A ganina shata tana cin riba ne idan wurin zuwa ɗaya ne, sananne ne, kuma akwai sauran rana. Mutum huɗu da za su tashi daga Kende zuwa ta'aziyya a Kaoje ko Illo ba su da buƙatar kowa sai direba, sun san gidan, sun san harshen, ba iyakar da za su tsallaka. Haka fasinjan da jirginsa ya tsaya Kwatano yana son ganin Wida, mai nisan kilomita 40 a kan kwalta, zai iya ɗaukar mota ya je ya dawo da sauran lokaci. Amma fadojin Abome, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, suna can wajen kilomita 140 arewa, zuwa da dawowa sun cinye rabin yinin, fashewar taya ɗaya ta isa ta raba mutum da jirginsa. Ganbiye kuwa a kan tafki aka gina ta, mota iyakarta bakin ruwa a Kalabi, daga nan sai kwale-kwale da mai tuƙa shi, ko kana so ko ba ka so. Ga wani tarko ƙarami: Benin agogonta ɗaya da Najeriya da Nijar, amma Togo da Gana suna baya da awa guda, jirgi kuwa da agogon da kyaftin ya ajiye yake aiki, ba da wanda wayarka ta sauya da kanta ba.

In an yanke shawarar shata, cinikin ne ke raba gardama tun kafin ta taso. A faɗi wa zai sayi mai, a faɗi awa nawa direba zai jira a wurin, a faɗi wa zai sallami masu shinge, a kuma bar wani kaso na kuɗin sai an dawo bakin ruwa. Direbobi ba sa son wannan na ƙarshe, sukan ce, "Haba Alhaji, ai ba a yi haka da mu ba," amma shi kaɗai ne ke sa agogon fasinja ya dami direba. Sannan a duba inda aka samo motar. Wadda aka ɗauko daga cikin tasha, da sanin shugabannin ƙungiyar direbobi, in ta lalace a daji akwai wanda za a kira ya turo wata, akwai kuma inda za a kai ƙara. Wadda aka tsayar a bakin titi don ɗan ragi, lambar wayar direban kaɗai gare ka, sabis kuwa ba ko'ina yake kamawa ba a hanya.