Ko Kun Sani?

Ciwon dunduniyar da ke sukar mai gudu a takun farko da asuba, ya lafa bayan ya ɗan zagaya, galibi ba daga ƙashi yake ba. Wata jijiya ce mai kauri, shimfiɗe daga dunduniya zuwa gindin yatsu, take wahala. Matasan Gazawa, Agye da Gidan Rumji masu gudu a bakin kwalta su kula: ƙara nisa farat ɗaya da takalmin da ya cinye na jawo shi. A rage gudu, a dafa bango a miƙe sha-raɓa, a murza tafin ƙafa kan gorar ruwan ƙanƙara. Kusan 9 cikin 10 na warkewa ba tiyata. Idan ya ƙi lafawa, a ga likita.